Hoton Gari Shaida Ne, Kada A Yi Masa Kwalliya

Duk alhajin da ya sauke farali a 'yan shekarun nan ya san dogon benen nan mai agogo da ya yi wa Harami rumfa. Kaɗan ne suka san cewa dutse ne a wurin a da, kuma a kan dutsen akwai wani gidan tsaro na zamanin mulkin Turkawa da ake kira Ajyad. A 2002 aka rushe shi, aka baje dutsen. Wanda yake son ganin yadda Ajyad ya zauna a kan garin, da yadda gidajen Makka suka gangaro daga duwatsu suka kewaye masallaci, sai ya nemi wasu hotuna huɗu da wani likita ɗan garin, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauka a shekarun 1880. Ya ɗauki na farko, ya ɗan juya kyamara, ya ɗauki na biyu, haka har huɗu, kowanne yana ɗorawa daga inda ɗan'uwansa ya tsaya. An buga su a Leiden ta ƙasar Holan a 1889, a kundin wani Bature mai suna Snouck Hurgronje, babu sunan likitan a jiki. Sai daga baya masu bincike suka mayar masa da haƙƙinsa. In ka jera hotunan gefe da gefe, Makkar wancan zamani ce take buɗe maka tun daga wannan dutse har wancan.

Irin wannan hoto mai faɗi shi masu sana'armu suke kira fanorama, kuma amfaninsa daban yake da na hoto guda. Hoto guda abu ɗaya yake nuna maka: ga ƙofa, ga masallaci, ga ango da amarya. Mai faɗi yana nuna abin tare da maƙwabtansa, wane gini ne ya jingina da wane, ina hanya ta bi, ina fili ya rage, ina ruwa yake kwanciya. Wannan zaman maƙwabtakar shi ne abin da yake fara ɓacewa idan gari ya sauya, kuma shi ne abin da ba wanda yake tunawa ya ɗauka.

Mu a Kano ba mu da ƙarancin hoto. Wayoyinmu cike suke da na biki da na suna da na hawan sallah. Amma ka tambayi matashi ɗan cikin gari ya nuna maka hoton kududdufin da ke bayan gidansu kafin a cike shi a yi gini, ko yadda badala take a unguwarsu kafin a ci ta daga ciki da waje, sai ya ce maka babu. A 1851 Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya hau Dala ya zana garin da hannu: gidajen ƙasa, bukkoki, dabinai. Har gobe wannan zanen ake bugawa a littattafai idan ana maganar tsohon birni. Yau kusan kowane aljihu akwai na'urar da ta fi alƙalamin Barth iya wannan aiki nesa ba kusa ba, amma yawancin masu hawa Dala fuskarsu suke juya wa kyamara, garin ya zama bango a bayansu.

Ra'ayina shi ne mu ɗauki wannan aiki da gaske. A riƙa hawa, a riƙa ɗaukar garin zagaye guda, a haɗa hotunan, a adana. Amma sharaɗi biyu ne: a faɗi gaskiyar yadda aka yi hoton, kuma kada a keta mutuncin waɗanda ke ƙasa. In babu su, gara a bari.

Aikin kansa ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Lokaci ne farkon abin dubawa. Da hunturu, hazo kan sa Goron Dutse ma da ƙyar ka gane shi daga Dala. Ni na fi son washegarin ruwan sama a watan Agusta ko Satumba, lokacin da iska ta wanku, kwanukan rufi suna ƙyalli, ana hango bishiyoyin bayan gari ɗaya bayan ɗaya. Kuma a bari rana ta ɗaga sosai, don in tana ƙasa-ƙasa dole ta faɗo cikin ɗaya daga hotunan ta ƙone shi.

Sai haske. Waya tana da karambanin gyara haske da kanta: ta dubi gabas ta rage, ta dubi yamma ta ƙara. In ka haɗa irin waɗannan hotuna, sararin sama zai fito jeri-jeri, nan fari can shuɗi. Maganinsa ka danna allo ka riƙe har hasken ya kulle, ka gama zagayen a kan awo ɗaya. Ka riƙe wayar a tsaye, ba a kwance ba, don ka samu sama da ƙasa wadatattu da za ka yanke daga baya. Kuma kowane hoto ya shiga cikin na gabansa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Tela mai ɗinka atamfa ba ya yanka daidai kan layi. Yana barin gefe, ya daidaita furen wannan ƙyalle da na wancan kafin ya taka keke. Wannan gefen da ka bari shi ne abin da kwamfuta za ta kama.

Babban abin da yake kayar da mutane shi ne juyi. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya ka dubi wani gini ta bayansa, sannan ka sauya ido. Yatsan zai yi tsalle, alhali bai motsa ba; wurin da kake dubawa ne ya gusa. Haka yake faruwa idan mutum ya tsaya ya miƙa hannu yana shara da waya daga hagu zuwa dama. Idon kyamarar yana tafiya, don haka abin da ke kusa yana gusawa a kan abin da ke nesa, kuma babu manhajar da za ta iya sasanta hotuna biyu da suka saɓa a kan inda falwaya take tsaye. Nan ne za ka ga wayar wuta ta katse a tsakiyar sama ta ci gaba a wani wuri, ko katanga ta yi baki biyu. Daidai shi ne idon kyamarar ya zauna wuri guda, kai ne za ka riƙa zagaya shi. Masu kuɗi suna sayen ƙafa uku da wani kai na musamman da yake juya kyamara a daidai wannan gurbi. Ni abin da nake yi, na ɗaura zare a jikin wayar daidai ƙarƙashin idon, na rataya makulli a ƙarshensa, na ajiye murfin kwalba a ƙasa. Kafin kowane ɗauka sai na sunkuyar da kai na tabbata makullin yana lilo a kan murfin. A kan Dala, inda komai yake nesa, ko ka ɗan kauce ba za a gane ba. Amma gwada shi a lungun Kasuwar Kurmi, inda rumfa take kusan taɓa kafaɗarka, ko a bakin karofin Ƙofar Mata, za ka ga abin da zaren yake hanawa.

Abin da kwamfuta take yi bayan nan ba sihiri ba ne. Tana bin kowane hoto tana tsintar wurare masu alama, kusurwar taga, kan hasumiya, tabon da ke jikin katanga, ta nemi irinsu a hoton da ke kusa. Daga yadda suka gusa take lissafa iya juyin da ka yi, ta shimfiɗa hotunan a jikin wani ƙwallo na lissafi, ta zaɓi layin da haɗin zai bi, ta shafe bakin har ido ya kasa gani. Wani malamin kimiyya Bajamushe, Helmut Dersch, shi ya saki manhajar Panorama Tools kyauta a 1998, kuma a kanta aka gina Hugin, wadda har yau ba a biyan ko sisi a sauke ta. David Lowe na wata jami'a a Vancouver ta Kanada ya fito da hanyar tsintar alamomin a 1999, sannan shi da ɗalibinsa Matthew Brown suka nuna a 2003 cewa kwamfuta za ta iya karɓar tarin hotuna a hargitse ta gano da kanta waɗanda suke haɗuwa. Zuwa 2012 abin ya shigo cikin iPhone da wayoyin Android. Ma'ana, ba kuɗi ne ya hana mu ba.

To, a nan sharaɗi na farko, wato maganar gaskiya, yake shigowa, kuma yana damuna ƙwarai. Mun saba ɗaukar hoto a matsayin ƙiftawar ido guda: abin da ke ciki ya faru tare, a lokaci ɗaya. Haɗaɗɗen hoto ba haka yake ba. Tsakanin gefensa na hagu da na dama akwai minti biyar, ko goma, ko awa. Adaidaita sahun da ka ɗauka a hoto na uku yana iya riga ka zuwa hoto na biyar, sai ya fito sau biyu. Mai tallan da ya ratsa daidai kan haɗi sai ya fito da tire babu ƙafa, ko manhajar ta haɗiye shi gaba ɗaya kamar bai taɓa wucewa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kyamarar Cirkut ta farkon ƙarni na 20, mai juyawa a hankali tana ɗaukar jerin ɗalibai, yara sun gano cewa in ka tsaya a wannan ƙarshen aka ɗauke ka, ka zaga ta baya da gudu, za ka fito a ɗaya ƙarshen ma.

Ga gini da hanya wannan ba matsala ba ce, don ba sa motsi. Ga taro kuwa babbar matsala ce. Ranar Takutaha, da jama'a suke tururuwa zuwa Dala, ko ranar gangamin siyasa, mutanen da ke tafiya tare da juyin kyamara za su ninka, masu tafiya akasinsa su ragu. Jaridar da ta buga irin wannan hoto a ƙarƙashin kanun da ke cewa fili ya cika ya batse, ba ta faɗa wa mai karatu cewa haɗi ne ba, ta yaudare shi ko da ba ta yi niyya ba. Ina roƙon editocinmu su mayar da shi ƙa'ida: duk hoton da aka haɗa a rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗaɗɗe ne, daga hotuna kaza, ranar kaza, tsakanin ƙarfe kaza da kaza. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, haka take yi. Da ta fitar da hoton duniyar Mars mai ɗigo biliyan 1.8 a watan Maris na 2020, ta bayyana cewa motarta Curiosity ta ɗauki hotuna sama da 1,000 tsakanin 24 ga Nuwamba da 1 ga Disamba na 2019, kuma tsakanin tsakar rana da ƙarfe biyu na agogon can kawai ake ɗauka don hasken ya zo ɗaya. Wannan bayani shi ya sa masana suke iya dogara da hoton.

Akwai wata fitina da ta fi wannan. Idan ka haɗa hotuna, gefunan ba sa zuwa a miƙe. Sama da ƙasa sukan fito a karkace da giɓi-giɓi. A da yankewa ake yi, a haƙura da abin da aka rasa. Yanzu manhajoji suna da maɓallin da yake cike giɓin da kansa, ya ƙago gajimare, ya ƙago rufin gida, ya ƙago bishiyar da ba a taɓa shukawa ba. Da zuwan ƙirƙirarriyar basira abin ya ƙara sauƙi: ka zagaye abu da yatsa, ya ɓace.

Wata ƙungiya ta taɓa ba ni aikin hoton gari don kalandarta. Da shugabansu ya gani a kwamfuta sai ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma don Allah a ɗan share mana ƙarafan sabis ɗin nan, da bolar can, da wayoyin wutar nan da suka cika ido." Na ce, "Ranka ya daɗe, in an share su ai ba garinmu ba ne kuma." Ya ce shi kalanda yake so mutane su rataya a falo, ba rahoto ba. Maganarsa tana da hujja, kuma ban ga laifin mai son garinsa ya fito fes ba. Abin da muka daidaita a kai, na yi musu na kalandar aka rubuta a ƙasansa cewa an gyara shi, na kuma ba su na asalin a faifai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne gyararren ya zama shi kaɗai ya rage a duniya.

Dalilina kuwa, ba mu san abin da na baya za su zo nema ba. A watan Satumba na 1848 wasu mutum biyu, Charles Fontayne da William Porter, suka ɗauki birnin Cincinnati na Amurka daga ƙetaren kogin Ohio a kan faranti takwas. Garin suke son nunawa. Bayan kusan shekara ɗari masu bincike suka bi sunayen jiragen ruwan da ke tsaye a gaɓa har suka gano ranar da aka ɗauki hoton, kuma da aka duba farantan da madubin ƙara girma a wannan ƙarnin aka karanta agogon wata hasumiya: ƙarfe biyu saura minti biyar. Wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya ɗauki San Francisco zagaye guda a kan faranti 13 a 1878. A 1906 girgizar ƙasa da gobara suka cinye mafi yawan abin da ke ciki. Ƙarfen sabis ɗin da yake ɓata mana ido yau, shi zai gaya wa jikokinmu shekarar da aka ɗauki hoton. Bolar nan ita za ta nuna wa mai binciken ambaliya inda magudanar ruwa ta toshe. Wanda ya share su ya yanke wa mutanen da ba a haifa ba hukuncin abin da ya dace su sani.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi a wurina, kuma littattafan koyon hoto na Turawa ba sa tsayawa a kansa yadda ya shafe mu. Gidan Bahaushe tsakar gidansa a buɗe take ta sama. Zaure da katanga suna tsare idon mai wucewa a ƙasa. Ba a gina su don tsare na kan dutse ba. Wanda ya hau Dala da kyamara mai jawo nesa, cikin gidajen mutane yake kallo: mata suna daka, suna wanki, suna shan iska babu lulluɓi, don a gidansu suke.

Wata rana ina saukowa daga Dala, wani dattijo da ke zaune a gindin dutsen ya kira ni. Ya ce, "Yaro, me kake ɗauka a can sama tun ɗazu?" Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, garin nake ɗauka." Ya ce in nuna masa. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da idonsa, ya bi hoton da yatsa a hankali har ya tsaya a kan wani rufi, ya ce in buɗa masa nan. Na buɗa. Ana ganin bishiyar darbejiya da igiyar shanya da wasu tufafi, ba a gane mutum. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min ya ce, "In dai iya nan ne, to. Amma ka sani akwai iyali a ƙarƙashin kowane kwanon nan." Gidansa ne ya duba, kuma yana da cikakken haƙƙin dubawa.

Na'urar yau tana wuce iya nan. Ranar rantsar da Barack Obama a Janairun 2009, wani mai hoto, David Bergman, ya ɗora kyamara a kan wata na'ura mai juya ta da kanta, GigaPan, ya ɗauki hotuna 220 ya haɗa su suka ba da ɗigo miliyan 1,474. Mutane suka riƙa buɗa hoton a intanet suna gano fuskokin waɗanda suka sani a cikin dubban jama'a. Wancan taro ne a bainar jama'a, kowa ya fito ne a gan shi. Ka ɗauki wannan na'urar ka kafa ta a kan Dala ka ga abin da za ta kwaso. Ko Google, da ya fara ɗaukar tituna a 2007, sai da ƙorafin mutane ya sa ya koma dusashe fuskoki da lambobin mota, alhali daga kan titi yake ɗauka.

Wani zai ce na yi tufka da warwara: na ce kada a share komai, yanzu kuma ina cewa a rufe. Ba ɗaya ba ne. Mai share bola yana ɓoye cewa ya taɓa hoton. Mai dusashe tsakar gida yana barin alamar a fili, kowa ya ga an rufe wani abu kuma ya san dalili. Ni ƙa'idata, ba na amfani da ido mai jawo nesa a kan unguwar da mutane suke zaune. Abin da zan saka a Facebook ina rage masa girma har ya zama ana gane rufi da titi da bishiya, ba a gane mutum. In duk da haka wata tsakar gida ta fito fili, na dusashe ta.

Saura inda za a ajiye na asalin, wanda ba a rage ba, ba a taɓa ba. Waya ba ma'ajiya ba ce; tana faɗawa ruwa, ana sace ta. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage ingancinsa in ba a matsayin takarda aka tura shi ba. Muna da wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, Gidan Mambayya, Gidan Arewa a Kaduna. Abin da nake so in gani shi ne ɗayansu ya sa alama a wuri guda a kan Dala da wani a kan Goron Dutse, a riƙa ɗauka daga nan sau biyu a shekara, da damina da rani, a ajiye haɗaɗɗen tare da ɗaiɗaikun hotunan da aka haɗa shi da su, da kwanan wata da sunan mai ɗauka, kada a maimaita abin da aka yi wa likitan Makka. Da wayar hannu, hotuna 12 zuwa 15 sun isa zagaye guda, kuma aikin bai kai rabin awa ba. Ba Kano kaɗai ke da wurin hawa ba: Zazzagawa suna da Kufena, Katsinawa suna da hasumiyar Gobarau, mutanen Damagaram suna da duwatsun Birni, na Agadas suna da hasumiyar babban masallacinsu.

Cikakkun hotunan kuwa kada a zuba su a intanet. Su zauna a ma'ajiya, mai bincike ya zo ya rubuta sunansa da abin da yake nema kafin a buɗe masa. Kuma kafin a kafa ƙafa uku ta farko, a je a zauna da masu unguwannin da ke kewaye da dutsen, a nuna musu samfuri a buɗa musu shi har ƙarshe, su faɗi iya inda suka yarda ido ya kai.